A Kan Me Aka Kwantar Da Ɗana

Ɗana na fari bai cika yini guda a duniya ba, kuma ban taɓa ganin fuskarsa ba. A wani asibiti da ke Bronx na haife shi, a tsakiyar sanyin Janairu, cikin yana wata bakwai. Jinina ne ya hau, likitoci suka ce in ba a ciro shi ba za a rasa mu duka biyu, aka shiga da ni tiyata. An ce ya yi kuka da aka ciro shi. Maigidana ya yi masa kiran salla a kunne ta ƙofar akwatin gilashin da suka sa shi, ya yi masa huɗuba da sunan mahaifina. Kafin in dawo cikin hayyacina sosai, rai ya yi halinsa.

Daga baya na ji cewa wata nas ta tambaya ko za a kawo min shi in riƙe, don haka suke yi a ƙasar nan, har hoto sukan ɗauka su ba uwa. Hajiya ce ta amsa mata. Hajiya maƙwabciyarmu ce, dattijuwa 'yar Zangon Kumasi, wadda tun zuwana Amurka na riƙe ta a matsayin uwa. Ta ce wa nas ɗin a'a, mu ba ma haka, in uwa ta ga fuskar ba za ta iya mantawa ba. Maigidan ya gyaɗa kai. Don ƙauna suka yi, wannan na sani. Amma ba wanda ya jira na farka aka tambaye ni.

Da aka gama takardu, maigidan da liman da abokan aikinsa biyu, direbobin tasi irinsa, suka ɗauki yaron suka kai wata maƙabartar musulmi a New Jersey. Ko a Kano ma mace ba ta raka gawa, balle ni da ke kwance da ɗinki a ciki. Da yamma ya shigo ɗakin asibitin, takalmansa duk ƙasa, ya tsaya daga ƙafar gado ya ce, "An kai shi. Allah ya sa mai ceto ne." Na ce amin. Iyakar maganar da muka yi ke nan a kan binne ɗanmu, har kusan shekara biyu.

Wanda bai tashi a gidan Hausa ba zai ce me ya hana ki tambaya. Kunyar ɗan fari ce ta hana ni. Mahaifiyata har gobe ba ta kiran sunan yayanmu, sai dai ta ce "yaron nan", alhali yaron nan furfura ta cika masa gemu. Mun taso muna jin ana yi wa wadda ta ɗauki ɗanta na fari a gaban mutane dariya, ana cewa 'yar zamani ce, idonta a tsakar ka. To in mai rai ba a nuna an damu da shi, da wane baki zan tambayi kabarin wanda ya mutu? Ga kuma masu gaisuwa. Duk wanda ya bugo waya daga gida sai ya ce, "Kai, yarinyar nan akwai tawakkali." Ban san tarkon da ya kai yabo ba. Da zarar an ce kina da haƙuri, shi ke nan an rufe miki baki, sai ki ci gaba da yin sa ko babu.

Da aka sallame ni, Hajiya ta ce sai na yi wankan jego. Kullum da safe ta hauro da babbar tukunyarta, ta dafa ruwa a kan murhun gas, ta juye a bahon wanka. Babu ganyen darbejiya a Bronx, da ƙaramin tawul take tsoma ruwan tana fyaɗa min. In na ce mata don Allah ta bari, wa zan yi wa, sai ta ce, "Amarya, tashi ka ji. Jiki bai san yaro ya tafi ba." Haka take magana, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta, a da ina tsokanarta a kai, a lokacin kuwa ko murmushi ba na iyawa. Gaskiya ta faɗa. Nono ya kawo, ya cika har yana zuba, ta ɗaure min ƙirji da ɗankwali. Na sha kunun kanwa na arba'in cur, ina jego ba jariri.

Gidanmu a Parkchester yake, hawa na shida, cikin jajayen benayen nan da suka yi kama da juna har baƙo ya ɓata. Maigidan yana fita da mota bayan asuba, ba ya dawowa sai ya gaji liƙis. Ni da bututun ɗumama ɗaki muke yini, yana ƙwanƙwasa kamar mai sallama. In na leƙa taga sai in ga mata suna tura 'ya'yansu a keke, an naɗe su kamar ƙullin goro. A wajen suna kuwa, a ɗakunan taron da mutanenmu ke haya a Morrisania, kowace mace da sunan ɗanta ake kiranta, Maman wane, Maman wance. Ni shekarata biyar da aure ana ce min Amarya. Na ɗinka anko sau biyu na je na zauna na ci shinkafa na yi barka, daga nan na daina zuwa. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, amma wanda nake ji a cikin taro ya fi na ɗaki ciwo.

A shekara ta biyu na koma karatu a wata kwaleji, ina neman shiga aikin jinya. Aka ce dole kowa ya ɗauki darasi ɗaya da ba na fanninsa ba. Na duba na zaɓi na tarihin mutanen farko, ba don ina sha'awa ba, sai don shi ne ya faɗo da safe, ranakun da ba na zuwa aiki. Malamar wata tsohuwar Baturiya ce, siririya, mai gashi fari fat, da rigar sanyi guda ɗaya da ta ƙi rabuwa da ita. Makonnin farko duwatsu ta yi ta nuna mana, wannan gatari ne, wancan wuƙa ce, ni kuwa duk tsakuwa nake gani. Ina zaune a baya ina cewa a raina, lallai ƙoshi ne ke damun mutanen nan, mutum ya tsufa yana tonon juji kuma a biya shi albashi.

Wata ranar Talata ta kashe fitila ta ce yau kaburbura za mu gani. Na yi a'uziyya a zuci. Ta ce mutanen can arewacin Turai ne, bakin teku, shekaru dubbai da suka wuce, tun ba su san noma ba. Farauta suke yi, da kamun kifi, da tsintar 'ya'yan itace. Ba su bar rubutu ba, ba su bar gini ba, kaburburansu ne kusan kawai ke ba da labarinsu. Ta nuna wani dattijo da aka yi wa matashi da ƙahon barewar ƙasarsu, mai rassa kamar bishiya. Ta nuna yadda suke barbaɗa wa mamaci jar ƙasa har ƙashi ya rine. Ta nuna kare da aka haƙa wa kabarinsa shi kaɗai, da kayansa, kamar wani mai unguwa. A nan kam sai da na yi tsaki, na ce ashe wannan hauka ta karnuka gado suka yi.

Sai ta sauya hoto. Ƙasusuwan wata yarinya ne, malamar ta ce ba ta kai ashirin ba. An yi mata matashi da wata riga da aka naɗe, wadda aka yi wa ado da haƙoran namun daji. A gefenta ga wasu 'yan ƙasusuwa kamar tsinken sakace. Jariri ne. Ta ce da alama wajen haihuwa suka tafi tare, kuma ana zaton namiji ne, don an ɗora masa 'yar wuƙar dutse a ciki, irin wadda ake binne mazansu da ita. Ta matsa kusa da allon ta zagaya wasu siraran ƙasusuwa da ke ƙarƙashinsa da yatsa. Ta ce wannan fiffike ne, na wata babbar farar agwagwar ruwa mai dogon wuya. A kansa aka kwantar da yaron.

Ta tambayi aji me ya sa. Wani saurayi ya ce don tsuntsun ya tashi da ruhinsa. Wata ta ce ƙila alamar gidan sarauta ce. Wata baƙar fata da ke da 'ya'ya uku ta ce ita dai gani take laushi ne kawai aka nema masa. Malamar ta ɗaga kafaɗa ta ce duk zai yiwu, ba mu sani ba, kuma ba za mu sani ba, don babu sauran wanda za a tambaya.

Ban ji sauran darasin ba. Abin kunya ne, amma zan faɗa: kishin yarinyar nan na ji. Matar da ta zama ƙasa tun kafin a kafa Kano, ita ga ɗanta a gefenta, kuma ga 'yan aji ashirin da ɗoriya a Bronx sun san a kan me yake kwance. Ni da waya a hannu, da taswirar duniya a cikinta, ban san ko wane gari nawa yake ba. Ba fiffike nake so ba. Na yi imani mamaci ba ya tafiya da komai sai aikinsa, likkafani da ƙasa sun ishe mu, kuma ba na sha'awar addinin mutanen da ke yi wa kare jana'iza. Sani kawai nake so. A akwati aka sa shi ko a ƙasa? Wa ya shiga ramin? Akwai bishiya a wurin? Su masu tonon nan ba su da wanda za su tambaya. Ni nawa a gadona yake kwana, yana minshari.

A jirgin ƙasa mai lamba shida na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Alherin New York guda ke nan, ko birgima kike yi ba mai ɗaga kai. Da na sauka ban shiga ɗakina ba, ƙofar Hajiya na buga. Na same ta tana yanka kuɓewa, na ba ta labarin. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Arna ke nan. Agwagwa guda, maimakon a yi miya." Da na ce mata so nake in je kabarin, sai ta ajiye wuƙar.

"Amarya, mata ba shi zuwa makabarta. Za ka tada ciwo da ya warke."

"Hajiya, wa ya ce miki ya warke?"

Ta ce ita uku ta binne a Kumasi, ko ɗaya ba ta san inda yake ba, ga ta nan ba ta mutu ba. Na ce, "Ba kya tunawa?" Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Can ta ce, "Ka tambayi mijinka. Ni ba ruwana."

Sai da na yi kwanaki ina juya maganar. Ranar Lahadi ba ya fita, muna cin tuwo da rana, na ɗauko littafin darasin na buɗe shafin na ajiye kusa da kwanonsa. Ya leƙa ya janye kai.

"Subhanallahi. Ƙasusuwan mutane kike kawo min ina cin abinci?"

"Malam, ina kuka kai yaron nan?"

Hannunsa ya tsaya a cikin miya. Ya ce na sani ai, New Jersey. Na ce New Jersey ba kabari ba ce, jiha ce. Ya ce in yi haƙuri. Kalmar nan ita ta tunzura ni. Na ce na yi haƙuri har ya gaji da ni, na yi wa Hajiya, na yi wa mutanen Kano, na yi wa 'yan suna, yau babu saura. Ya ce mata ba sa zuwa maƙabarta. Na ce raka gawa aka hana mu, kuma ga 'yar ajinmu Balarabiya duk Juma'a tana ziyartar kabarin babanta, ita ba musulma ba ce? Na ce in ba zai kai ni ba, wallahi bas zan hau in bi maƙabartun jihar ɗaya bayan ɗaya ina tambayar masu gadi, kowa ya ji cewa matar wane ta zautu. Tunda muka yi aure ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Ya tashi ya wanke hannu ya daɗe a banɗaki. Da ya fito ya ce, "Sa rigar sanyi."

Watan Nuwamba ne, bishiyoyi sun zubar da ganye. Na zauna a gaba, a kujerar da ba kasafai fasinja ke zama ba. Muka haye gada, muka bi wata babbar hanya, muka sauka muka shiga ƙananan tituna masu kwana-kwana. Sai a nan na lura bai kunna taswirar waya ba. Mutumin da ko Queens zai shiga sai ya kunna. A bakin ƙofar maƙabartar wani dattijo ɗan Pakistan ya leƙo daga ɗakin gadi, ya ɗaga masa hannu ya ce da Turanci, ɗan'uwa, yau ba ranarka ba ce ai. Maigidan bai kalle ni ba.

Ya ajiye mota ya yi gaba, ina bin sa. Bai duba dama ko hagu ba. Can ƙarshen filin, kusa da shingen waya, akwai wurin yara, ƙananan kaburbura a jere, wasu da 'yan duwatsu masu suna, wasu da furen roba da ya koɗe. Ya tsaya a kan wani da ba komai sai ɗan bulo a wajen kai. Duk na kusa da shi busasshen ganye ya rufe su. Shi wannan a share yake tas.

"Kana zuwa," na ce.

"In na sami fasinjan filin jirgin Newark nakan biyo."

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Na zaci in na ga wurin zuciyata za ta yi sanyi. Fushi na ji. Na ce, "Ashe kai kana da wurin zuwa. Ka bar ni da bango huɗu, kai kana nan kana shara." Ya ce ya ga na yi haƙuri, kowa yana yabona, bai so ya fama min. Na ce ni ma ai gani na yi ka yi haƙuri. Muka tsaya muna kallon bulon nan, mutum biyu da suka yi kusan shekara biyu kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya a ɗaki ɗaya. Ban yafe masa a ranar ba, kuma ba zan ce na yafe don labari ya yi daɗi ba.

Kabarin bai fi tsawon hannuna ba. Na yi sallama, na karanta abin da na iya. Sunan yaron yana bakina, ban iya furta shi a gaban ubansa ba, ko a nan ɗin ma. Da na shafa, na tambaye shi ko a akwati suka sa shi. Ya ce a'a, wurin musulmi ne, sun yarda a sa mutum da likkafaninsa. Na ce wa ya shiga. Ya ce shi.

"A kan me ka kwantar da shi?"

"A kan ƙasa mana. Yadda aka ce a yi."

Na zaci ya gama. Sai ya ci gaba, idonsa a kan shingen. Ya ce ranar ƙasa ta daskare, da inji aka fasa ta. Da ya durƙusa ya taɓa cikin ramin sai ya ji kamar ƙarfe. Ya ce wa liman ya ɗan riƙe masa yaron. Ya cire safar hannu ya kifa tafinsa a inda kuncin zai kwanta, ya bar shi a nan. Liman ya yi gyaran murya, abokansa suna ta buga ƙafa don sanyi, shi dai bai ɗaga ba sai da ya daina jin yatsunsa. Ya ce, "Na san ba ya ji. Na kasa ne kawai."

Na ce, "Wane hannun?"

Ya zaro na dama daga aljihu ya nuna min, ya mayar. Na so in kama shi. Amma ga wasu mutane can sun zo tasu ziyarar, ga mai gadi yana hangenmu, ni kuma 'yar gidanmu ce. Na gyara mayafina muka koma mota.

Rana ta yi ƙasa, motoci sun cushe a bakin gada, muna tafiya kaɗan-kaɗan. Shi yana kallon titi. Ni kuwa tun daga ƙofar maƙabartar har Parkchester idona yana kan hannun nan a kan sitiyari, busasshe, da tabon ƙuna a babban yatsa, ina ta auna faɗin tafinsa da ido don in san girman kan ɗana.